Kwalbar da Gwaggo Ta Kawo Daga Mina

Sallama gare ku mata 'yan uwana, na nan Makka da na can gida. Ban yi karatu mai nisa ba. Aji huɗu na tsaya a makarantar unguwarmu ta Nakkasa, rubutun boko kuma a waya na ƙarasa koyonsa, don haka wadda ta ga kuskure ta yi haƙuri ta wuce shi. Wata biyu ke nan da aka sallame mu daga asibiti, yarinyar ta warke har tana bin kyanwa a tsakar ɗaki, amma raina bai huce ba. Na ga gara in zuba shi a rubuce, ko wata ta tsira da abin da na kusa rasawa.

Sunana Zuwaira. Tun da aka rushe unguwarmu muke zaune a wata 'yar shagga, wato sashen gidan bene, ta haya wajen Shisha, ɗaki biyu da falo. Ɗaya ni da maigidana, ɗaya Gwaggo Ladi, ƙanwar babansa, wadda ta riƙe shi tun mahaifiyarsa ta rasu. 'Yarmu ɗaya, lokacin shekararta ɗaya da wata biyu. Sunan marigayiyar aka sa mata, shi ya sa kowa Ummi yake ce mata. Ni kuwa ko Ummin ba na faɗa a gaban manya, sai dai in ce "yarinyar nan". 'Yar fari ce, kuma ga sunan suruka. A gidanmu an haife mu a Makka, amma kunyar ɗan fari an taho da ita daga gida ba a bar ko ɗigo a hanya ba. Uwa ba ta rawar jiki a kan ɗanta na fari. Ba ta ɗaukarsa tana yi masa wasa a cikin mutane. In ya yi ciwo, manya ke cewa ga abin da za a yi. Haka na tashi na gani, haka na yi.

Duk shekara Gwaggo tana aikin Mina lokacin Hajji, sharar hemomi da wanke-wanke. In alhazai sun watse takan dawo da jaka cike da abin da suka bari ko suka ba ta: lema, biskit, silifa, ragowar sabulu. Ta ce abin da ya kwana a Mina a hannun alhaji ba a zubar da shi, albarka gare shi. A bana hemomin mutanen ƙasar Sin aka kai ta, wato Caina. Ranar jifa ta biyu ciki ya murɗa mata, wata hajiya a cikinsu ta ga tana ta zaryar banɗaki, ta ba ta wata 'yar kwalba da ƙananan ƙwayoyi rawaya a ciki, ta ɗaga mata yatsu uku. Ba mai jin harshen wani. Gwaggo ta sha, washegari ta miƙe. Tun daga nan kwalbar ta koma cikin jakar tasbaharta.

Kwana goma sha da dawowarta yarinyar ta tashi da zazzaɓi da gudawa. Ranar farko na canza mata hafaza, wato ƙunzugun yara, sau bakwai. Ni mutum ce mai ƙirga abu, ba na iya hana kaina. Rana ta biyu na ga majina, a cikinta kuma wani ɗan zare na jini. In za ta yi sai ta yi ta nishi tana murɗe ƙafafu, abin da zai fito bai cika cokali ba.

Na kai wa Gwaggo hafazar na buɗe mata. Ta leƙa, ta taɓe baki.

"Haƙori ne. Ke ba ki ga tana cizon komai ba?"

"Gwaggo, da jini fa."

"To sai me? Ubanta ma da jini ya yi nasa, ga shi nan ƙato yana ɗaga buhun dabino. Kawo mini ita."

Ta zaro kwalbar. Ta raba ƙwaya ɗaya gida biyu da haƙorinta, ta murje rabin a cokali da ruwan zamzam, ta toshe wa yarinyar hanci ta ɗura mata. Ɗacinsa, wallahi, da na lashi cokalin daga baya sai da idona ya kawo ruwa. Yarinyar ta shiƙe, ta yi aman rawaya a zanen Gwaggo. Gwaggo ta ce madalla, ciwon ne ke fita. Sannan ta kafa mini doka: kada in cika mata ciki da ruwa, ruwa ke tsinka kashi, kuma yana wanke ƙarfin maganin. Nono ma in rage, sau uku a yini ya isa.

Na yi shiru. Wannan shirun shi ne abin da har yau in na tuna nake jin kamar in mari kaina.

Da Baban Ummi ya dawo daga shago cin abincin rana, na ja shi ɗaki na ce masa hankalina bai kwanta ba, ba mu san me ke cikin kwalbar nan ba, rubutun jikinta kamar tsinke aka watsa. Ya ce wannan mai sauƙi ne. Ya ɗauki hoton kwalbar da jawwal ɗinsa, wayar ta juya rubutun zuwa Larabci. Ta ce maganin ciwon hanji ne da gudawa, daga tsiro aka yi shi. Ya ƙara latsawa, sai ga wani mutum cikin farar riga yana magana da ƙarfi, wai mutanen Sin sun fi shekara dubu suna shan wannan, wai masu bincike sun gwada sun tabbatar yana kashe ƙwayoyin cutar ciki.

"Kin ji dai," in ji shi. "Kimiyya ta tabbatar. Ke kin fi masu bincike ne, Zuwaira?"

"Ban fi su ba. Amma shin a kan jarirai suka gwada?"

"Ciki ai ciki ne. Halas, shi ke nan, ki bar Gwaggo ta yi aikinta. Kuma kin san takardun zaman ƙasa na yarinyar nan ba su fito ba. Mu je asibiti a tsare mu da tambayoyi a kan haƙori?"

Gwaggo tana falo tana jin mu. Ta ɗaga murya: "Yaran yanzu ba kunya. 'Yar fari, har da jan miji ɗaki a kanta. Mu a zamaninmu ko kallon namu ba ma yi a gaban mutane."

Haka satin farko ya tafi. Safe, rana, yamma, rabin ƙwaya. Ina satar ba ta nono in Gwaggo ta shiga wanka, kamar ɓarauniya a ɗakina. Ranar ta huɗu gudawar ta ragu, daga tara ta koma huɗu. Gwaggo ta yi ta kiran ƙawayenta a waya tana ba su labarin maganin alhazai. Ni kuwa abin da nake gani daban. Idon yarinyar ya faɗa ciki. Maɗigarta ta lotsa har ina iya kwantar da ɗan yatsa a wurin. Leɓenta ya bushe ya tsage. In ta yi kuka bakin ne kawai ke buɗewa, ba hawaye. Na gaya wa Gwaggo, ta ce rama ce, kowane mai jinya yana ramewa.

Rana ta shida, Talata ce, na sa mata sabuwar hafaza bayan sallar asuba. Da hantsi na taɓa, a bushe. Da aka kira azahar na buɗe, ɗan jini da majina ne kawai, fitsari ko ɗigo babu. Na ɗaga hannunta na saki, ya faɗi kamar tsumma. Na kira ta, ta buɗe ido rabi ta mayar.

Gwaggo ta idar da salla ta kwanta ƙailula. Na tsaya a ƙofar ɗakinta ina jin minsharinta, ina ta shawara da zuciyata. Ban taɓa fita daga gidan nan ban sanar ba. Na ɗauki abayata, na saɓa yarinyar a kafaɗa, na zare kwalbar daga jakar tasbaha, na sauka matakala da takalmina a hannu don kada a ji. Rana kamar ta narka kwalta. Mai tasin da ya tsaya ya kalli fuskar yarinyar ta madubi sau ɗaya, bai ƙara tambayata komai ba, ya taka mota. A cikin motar na kira Baban Ummi na ce masa ga inda za ni, in zai yi faɗa ya same ni a can ya yi.

Sashen gaggawa cike yake da ragowar alhazai, tsofaffi masu tari, wasu a keken guragu, wasu a ƙasa. Na karɓi lamba na ga yawan mutanen da ke gabana, na nufi tagar rajista. Mai rubutu a tagar ya ce, "Sunan yarinya?" Na buɗe baki ya ƙi fita. Shekara da wata biyu ban taɓa furta shi ba. Ya sake tambaya da ƙarfi. Na faɗa can ƙasa-ƙasa har sai da ya kara kunnensa a gilashi. Ya ce takarda fa? Na ce ba ta fito ba. Kafin ya ce wani abu wata nas da ke wucewa ta tsaya, ta ɗaga rigar yarinyar, ta tsunkuli fatar cikinta ta saki. Fatar ta tsaya a tsaye kamar kullu. Ta fizge ta daga hannuna ta ruga ciki tana kiran daktora. Maganar takarda sai daga baya aka yi ta. Allah ya saka wa matar nan da alheri, ban ma san sunanta ba.

Sau biyar suka soka allura suna neman jijiya, hannu biyu, ƙafa ɗaya, kafin suka samu a ɗaya ƙafar. Yarinyar ko motsi ba ta yi ba. Da ma ta tsala ihu, da ya fi mini.

Daktorar 'yar Sudan ce, ta ce kakarta Bahaushiya ce, tana jin Hausa kaɗan-kaɗan tana haɗawa da Larabci. Kalma ɗaya ta yi ta maimaitawa ga nas-nas ɗin, har yau tana kunnena: jafaf. Jafaf shadid. Wato jiki ya bushe ƙarau, ruwa ya ƙare. Ta ce mini abin da take tsoro yanzu ƙoda ce. Za su yi ta ƙara mata ruwa ta jijiya, mu kuma mu jira fitsari. In ya zo, alhamdulillahi. In bai zo ba, akwai wata magana, amma ba yanzu ba.

Baban Ummi ya iso da Gwaggo wajen la'asar. Gwaggo ta shigo da faɗanta a baki, ta ga yarinyar kwance da robobi a jiki, faɗan ya koma ciki. Daktora ta tambayi me aka ba ta a gida. Na miƙa kwalbar. Na zaci za ta jefar ta ce guba ce, har na shirya kallon da zan yi wa Gwaggo. Sai ta juya ta, ta duba wayarta, ta gyaɗa kai.

"Na san shi," ta ce. "Daga saiwar wani tsiro ake fitar da shi, rawaya, mai ɗaci. Mutanen Sin sun daɗe suna amfani da shi da irinsa a kan ciwon ciki."

Baban Ummi ya yi caraf: "Kin ji ko, ai na ce an yi bincike."

Ta kalle shi ta saman tabarau. "An yi, ya akhi. Ka karanta shi?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"A ɗakin gwaji yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa. A jikin mutane kuma, wasu manya da aka ba gudawarsu ta ragu, wasu bai yi musu wani abin kirki ba, ya danganta da irin cutar. Da yawa daga gwaje-gwajen mutane kaɗan aka yi wa, wasu kuma ba a tsara su yadda likita zai dogara da su ba. Shi ya sa ake cewa akwai alama, a ci gaba da dubawa. Akwai alama daban, an tabbatar daban. Kuma ban san mai binciken da ya ce a ba jaririya abin da aka auna wa babba ba, ko a hana ta ruwa da nono. Ko a asibitocin Sin aka kai yarinya a haka, ruwa za su fara sa mata."

Gwaggo ta ce, "Ni fa na sha na warke, daktora."

"Na yarda, ya hajja. Ke babba ce, kina jin ƙishi ki tashi ki sha ruwa. Wataƙila ya taimake ki, wataƙila ciwon ne ya gama kwanakinsa. Wannan ba ta iya cewa a ba ta ruwa. Kuma gudawa mai jini a jikin yaro ba a jira da ita ko yini ɗaya."

Sai ta juyo gare ni. Ta ce, da Hausarta mai karkata, "Ke uwa. Ke kin gani. Don me ba ki zo ba?"

Me zan ce mata? In ce kunya? Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a abayata.

Kwana biyu muna jiran fitsarin nan. Ban san sau nawa na sa hannu na taɓa hafazar ba, nas har ta ce in bari, zan yage ta. Gwajin kashi ya fito, aka ce atini ne na ƙwayar cuta, irin wanda sai da maganinsa na asibiti, aka fara ba ta. Gaskiya ɗaya zan faɗa a kan Gwaggo: ba ta tafi gida ba. Ba a barin mutum biyu a ɗakin, sai ta shimfiɗa ɗankwalinta a baranda ta zauna, tasbaha a hannu, ta ƙi cin komai. Duk wanda ya fito daga ɗakin sai ta miƙe ta bi shi da ido. Tana son yarinyar nan, ban taɓa shakka ba. Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Da maƙiyi ne ya yi mini haka, da na san inda zan ajiye shi.

Ranar Alhamis da hantsi na sa hannu na ji nauyi. Na buɗe, ga shi, rawaya, ɗumi, har ya jiƙa zanen gado. Na ɗauki hafazar nan da hannu biyu na fita baranda da gudu ina nuna wa kowa, har da wani tsoho Baturke da bai san hawa ba bai san sauka ba. Gwaggo ta faɗi ta yi sujada a kan tayil. Da yamma yarinyar ta yi kuka da hawaye, ta kama nono kamar za ta cinye ni.

Sati na biyu duk a asibiti muka yi shi. Aka koya mini haɗa ruwan gishiri da sukari na cikin 'yar leda, wanda suke kira mahlul, cokali-cokali bayan kowace gudawa, ko ta yi amai a dakata kaɗan a ci gaba. Aka ba mu wani na sha mai suna zinki na kwanaki. Abin da ya ba ni haushi, ledar mahlul ɗin nan tana nan jibge a kantin magani da ke ƙasan gidanmu, kullum ina wuce ta. Kwana biyar muna ɗura wa yarinya abin da ya ƙetaro duniya, abin da zai riƙe ranta yana ƙasan matakala.

Ina jin haushin mutumin nan mai farar riga na cikin waya, da ya ɗauki "akwai alama" ya mayar da ita "an tabbatar" don a yi ta kallonsa. Ina jin haushin maigidana, da kalmar kimiyya kawai ya ji ya rufe mini baki da ita, ko layi ɗaya bai karanta ba. Ya ba ni haƙuri, ya ce shi ma tsoron maganar takarda ne ya sa ya kama abin da ya fi sauƙi. Na haƙura, amma na gaya masa ban manta ba. Hajiyar Sin kuwa ba ta da laifi, baiwar Allah ta ga mai ciwo ta taimaka da abin da take sha. Ba ita ta ce a ba jaririya ba.

Sati na uku muna gida, ƙafafun yarinyar kamar sillan kara, tafiyar da ta fara ta manta, sai rarrafe. Sati na huɗu ta fara miƙewa, mata suka cika falo ranar Juma'a da yamma sun zo yi mana barka. Ina kicin ina zuba shayi na ji muryar Gwaggo. Sujadar baranda ta wuce, baki ya dawo.

"Ai maganin alhazan nan ya riga ya karya ciwon. Asibiti ƙarasawa kawai suka yi. Daktorar ma da bakinta ta ce an yi bincike a kansa."

Sai wata amarya maƙwabciyarmu, goye da ɗanta na fari ɗan wata takwas, ta ce a hankali, kanta a ƙasa, wai shi ma tun jiya cikinsa ke zuba. Surukarta na zaune kusa da ita ta ce haƙori ne. Na leƙo na ga Gwaggo tana kwance bakin ɗankwalinta. Ashe ta ɗebi wasu ƙwayoyin ta ƙulle tun kafin in ɗauke kwalbar.

Ban san lokacin da na dire tiren shayi ba. Na tsallake ƙafafun mutane na riƙe hannun Gwaggo, abin da ban taɓa yi ba.

"Gwaggo, ki yi mini rai, ba za a ba shi ba."

"Ke! Sakar mini hannu. A gaban mutane?"

"A gabansu. Kina tsaye a wurin kika ji abin da daktora ta ce, gaba ɗayansa, ba rabin da kika ɗauko ba. In ciwon ciki ya kama ki, ki tambayi likita ki sha abinki. Amma Hadiza ta kusa mutuwa a hannuna ina kallo. Hadiza, 'yata. Ba zan ga an yi wa wani ba."

Wata tsohuwa ta riƙe haɓa ta ce, "La'ilaha illallahu, ta faɗi sunan." Yarinyar kuwa tana gindin kujera da biskit a hannu, ta ji abin da ba ta taɓa ji daga bakina ba, ta juyo tana kallona.

Na shiga ɗaki na ɗebo ledar mahlul uku na danƙa wa amaryar. Na ce ta ba shi nono duk lokacin da ya nema, ta ƙirga hafazarsa, in ta ga jini ko fitsari ya ɗauke ko ido ya faɗa, kada ta jira kowa ya tashi daga barci. Surukarta ta harare ni. Amaryar ba ta ɗago ba, amma na ga ta tura ledojin cikin rigarta. Washegari ta kai shi asibiti, ya samu sauƙi.

Har yau Gwaggo da ƙyar take amsa gaisuwata. Kullum da safe ina durƙusawa in gaishe ta, in kai mata kokonta, don ta riƙe mini miji tun yana maraya, ta kuma kwana uku a kan tayil saboda 'yata. A unguwa an ce Zuwaira ta zubar da kunya a asibiti. Gaskiya ne, can na bar ta, kuma ba zan koma ɗaukowa ba.

Jiya da hantsi yarinyar ta kama hanyar matakala da gudu, ƙofa a buɗe, Gwaggo na zaune, baƙi biyu na zaune. Na ɗaga murya har maƙwabta suka ji: "Hadiza! Dawo nan!"

Ta juyo tana dariya, ta taho.